Margiyono, Sunan da Lungunmu Ya Manta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, da asuba, Allah Ya karɓi abinSa. Margiyono ɗan Kasanrejo, maƙwabcinmu a Lungun Kenanga da ke bayan jami'a nan birnin Yogya na ƙasar Indonesiya, ya rasu bayan gajeriyar jinya. Ya bar matarsa Bu Ngatini, da 'yarsa Ratri, da jikoki biyu da ba su kai sanin abin da ya same su ba.

Na san wasunku sun tsaya a kan sunan nan suna laluben mai shi. Kada ku ɓoye fuska, tare muke. Ni ma da ladan ya faɗe shi a lasifikar masallaci ina kicin ina suyar tempe, wainar nan ta waken soya, na ce wa matar ɗana, "Allah Ya ji ƙansa. Cikin baƙin nan masu haya a bakin kogi ne ko?" Ta ce ita ma ba ta san shi ba. Na juya tempena. Lungu bai motsa ba. Mai kayan miya ta ci gaba da ciniki, masu babur suka tafi aiki. Sai da rana ta ɗaga ladan ya komo, ya hura lasifika, ya yi gyaran murya kamar mai shirin haɗiyar magani, ya ce, "Jama'a, wanda aka faɗa ɗazu, Pak Firus ke nan." Kafin ya rufe baki ƙofofi sun fara buɗewa. Maza suka fito da kujeru da rumfa, mata da kwanukan shinkafa, ni kuma na bar mai a wuta har ya ƙone.

Margiyono, shekara talatin da ɗoriya katanga ɗaya ce tsakanina da kai. Na san tarinka, na san ba ka cin barkono, na san irin takun da kake yi in za ka masallaci. Sunanka ne kawai ba ni da shi.

Ni Mbah Rubiyem, wato Kaka Rubiyem, karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, kuma lungun nan ya san ni da baki. Ba amaryar da ta shigo ban tsokane ta ba, ba jikan da ban yi wa zambo ba. Yau bakin ya yi nauyi. Amma yaran yanzu suna zaton Firus sunan yanka ne, har na ji wata mai ciki tana cewa yana da daɗi, za ta sa wa ɗanta. Don haka dole a faɗi inda ya fito, ko da faɗar za ta taɓa gidana.

Ka zo mana daga Wonosari kana saurayi siriri, a zamanin da kwamfuta ba ta shiga gidaje ba. Ka kama ɗakin gaba na gidan da ke jikin namu, ka jera injuna a kan teburan katako, ɗalibai suna zuwa su yi hayarsu su buga kundin kammala karatu. Ba mu wahalar da kanmu wajen tambayar sunanka ba, Mas Kwamfuta ya ishe mu. A wajenmu Mas kiran saurayi ne, Pak na magidanci. Kowane ɗalibi yana yawo da aikinsa a cikin faifai, ɗan abu mai kusurwa huɗu da bai fi tafin hannu ba. Ku jikokina da ba ku taɓa ganinsa ba sai ku yi haƙuri, ba ni na sa kuka zo duniya a makare ba. A kusurwar faifan akwai wata 'yar sakata. In ka tura ta rami ya buɗe har kana hango haske, to faifai ya kulle, inji ba zai iya rubuta komai a cikinsa ba. In kuwa aiki za ka adana, dole ka buɗe shi.

A lokacin an fara maganar firus, cutar nan da ke bin faifai daga inji zuwa inji tana lalata aikin mutane. Sai ka kafa doka guda a shagonka: duk faifan da ya shigo sai ya fara bi ta injin bakin ƙofa an duba lafiyarsa, kamar yadda ake tuɓe takalmi kafin a hau tabarma. Ɗan malamin jami'a da ɗan mai keken haya duk layi ɗaya suke bi.

Mutum ɗaya ne ya ƙetare dokar, shi ne mijina, marigayi Pak Harjo, tsohon akawun jirgin ƙasa, shugaban lungu a lokacin. Wani ɗan ƙanensa da ke aiki a Jakarta ya kawo masa tsarabar faifai mai fitar da lokutan salla na kowane wata. Yadda ya riƙe faifan nan ko ni bai riƙe ni haka ba. A cikin hankici yake naɗe shi, a aljihun gaba, wajen zuciya. Ranar da ya fara zuwa buga jadawalin masallaci ina biye da shi da laima. Ka miƙa hannu biyu ka ce, "A gafarce ni, Pak, a ɗan duba shi." Ya ɗaga faifan sama ya saita shi da taga, ya ce, "Ɗana, ka ga rana ta ramin nan? A kulle yake tun daga Jakarta. Abin da ke kulle me zai shige shi?" Ka sauke hannunka. A wajenmu yaro ba ya laluben aljihun babba. Tun daga ranar, duk farkon wata yana shiga ya wuce injin bakin ƙofa kamar mai wuce maroƙi.

Ba a jima ba haruffa suka fara zuba. Ɗalibi yana cikin bugu sai ya ga rubutunsa yana faɗowa ƙasan allo ɗaya bayan ɗaya kamar ganye. Wasu suka tsira da aikinsu, wasu suka yi asarar shafuka. Wadda abin ya fi ci ita ce Herlina, wata 'yar Pontianak da ke haya a ɗakina na baya. Kundinta ya kusa kammala, an sa mata ranar kare shi, iyayenta sun fara shirin hawa jirgin ruwa, sai faifan ya ƙi buɗewa. Ta dawo gida ta zauna a bakin rijiya ko kuka ta kasa.

Ka tambaye ta tsofaffin takardun da malaminta ya yi wa gyara da jan biro. Ta ce ai ta sayar wa Yu Painem mai soye-soye, kamar yadda duk ɗalibai ke yi, domin da su ake naɗe ayaba da tempe. Ka tashi ka tafi bakin titi. Na gan ka da idona a tsugune kusa da kaskon Yu Painem kana warware takardun da ta riga ta naɗe, tana yi maka faɗa kana ba ta haƙuri. Waɗanda suka riga suka tafi da masu saye ka bi su gida gida. An samo shafi ɗaya a kicin ɗina ƙarƙashin barkono, wani a kejin tsuntsun liman. Ka rufe shago, ka zauna kana ɗaga takarda mai maiƙo wajen haske kana karantawa kana bugawa, har ka mayar mata da kundinta. Ta kare shi a ranar da aka sa. Yau shugabar makaranta ce a garinsu. Ni na ce mata digirinta yana ƙamshin man gyaɗa, kuma har yanzu ban janye ba.

Da a nan abin ya tsaya da an manta. Amma a kwanakin da shagonka ke rufe wata ya kama, mijina ya kai faifansa tsohon ofishinsu ya buga jadawali. Can ba wanda ya ji nauyinsa, suka duba, suka ce masa faifan nan cike yake da cuta. Ya dawo ko hularsa bai cire ba ya sa aka kira taron lungu.

An shimfiɗa tabarmi a barandarmu da la'asar, ni ina raba shayi. Ya ɗaga faifan a gaban jama'a, ya nuna musu ramin, ya ce, "Ku gani, a kulle yake, ban taɓa buɗe shi ba. Ba inda yake zuwa sai shagon yaron nan. Duk da haka cutarsa ta keta sakata ta shiga. To wane faifai ne zai tsira?" Kowa ya juya wajenka. Kana zaune a gefen tabarma, inda ƙanana ke zama, hannuwanka a cinya. Ka sunkuyar da kai ka ce, "A yi haƙuri, Pak. Zan ƙara kula." Iyakar abin da ka ce ke nan.

Magana kuwa ta yi fiffike. Aka ce cutar shagonka ba ta san kulle ba. Aka ce faifai yana ɗaukarta in ya kwana jaka ɗaya da mai ita. Wata uwa ta shanya na ɗanta a kan rufin kwano don rana ta kashe ƙwayar, ya lanƙwashe kamar busasshen kifi. Wani ya tusa nasa cikin buhun shinkafa. Na ga wadda ta wanke hannu da sabulu bayan ta karɓi takarda daga hannunka. Ɗalibai suka koma shagunan babban titi. Ba wanda ya san bakin da ya fara cewa Mas Firus, amma kafin azumi ya kama babu bakin da bai iya ba.

Ni fuskarka ce ta hana ni sakat. Na ɗauki kwanon miyar ganye na shiga shagon da rana tsaka, ba kowa sai kai da injuna. Na ce, "Kai ɗan Wonosari, na raini yara, na san fuskar mai laifi. Taka ta wanda ya haɗiyi ƙayar kifi ce. Tofar da ita."

Ka ce, "Ba komai, Bu," kiran da ake yi wa iyaye mata.

Na ce, "To zan zauna a nan har ka yi aure."

Ka yi 'yar dariya, ka ɗauki wani faifai kana juya shi a hannu. Ka ce, "Bu, sakatar nan shiga take hanawa. Faifan da ke kulle ba abin da ke iya rubuta kansa a ciki, ko cuta ba ta iya. Amma fita ba ta hana ta. In aka samu cuta a cikin kulle, to da ita aka kulle shi."

Na ce, "Wato da ita ya zo daga Jakarta."

"Ni ban ce ba, Bu."

"Tun yaushe ka sani?"

"An ɗan jima. In ya tafi nakan kashe injin in wanke shi. Ranar Herlina ce ɗalibai suka riga ni zama."

"Me ya hana ka faɗa a taro?"

Ka dube ni kamar na ce ka tuɓe a kasuwa. Ka ce, "A gaban mutane, Bu? A barandarsa? Gobe fa shi zai raba faɗan wasu."

Da yamma na faɗa wa mijina yana cin abinci. Ya ajiye cokali. Kwanaki ba ya magana da kowa sai kurciyarsa ta keji. Da wata ya kama sai na gan shi da rula da biro yana zana jadawalin salla da hannu, kuma haka ya yi har ya bar duniya.

Sai ƙaramar salla ta zo, ranar da ƙanana ke zuwa gidan manya su durƙusa su nemi gafara. Pak Harjo bai taɓa taka ƙofar na ƙasa da shi a ranar nan ba, kujera yake hawa a zo a same shi. Amma da muka dawo idi sai ya gyara hula, ya fita, ya nufi shagonka. Ka hango shi ta taga. Abin da ka yi shi ne ka bi ta ƙofar baya, ka haura akurkin kajin maƙwabta da sabon zanenka, ka zagayo ka shige falonmu ka durƙusa a gaban kujerar da ba kowa. Ya tarar da shago wayam, ya dawo ya same ka da gashin kaza a kafaɗa. Kafin ya buɗe baki ka kama hannunsa ka sa a goshi ka ce a yafe maka abin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Da ƙyar ya ce, "Ni ma, ɗana." A falon nan maganar ta mutu, mu uku da kurciya.

Kada wani ya ce asiri ne aka binne. Na ba matan adashi labarin tun daga sakata har akurki. Suka yi dariya har da hawaye, suka ce, "Allah sarki Mas Firus, ashe ba shi ba ne." Kowa ya ji gaskiya, ba wanda ya canza kira. Sunan ya riga ya zauna a baki, ya fi gaskiya sauƙin faɗa. Da ka yi aure muka ɗaga maka daraja, ka zama Pak Firus. Kana amsawa. Muka ɗauka amsawar yarda ce.

Zamanin faifai ya wuce, shagon ya koma na kwafin takardu, daga baya na katin waya. Amma inji ɗaya bai taɓa barin kusurwa ba, kuma a kansa ka buga duk wata takarda ta lungun nan. Katin aure, takardar fansho ta gwauraye, sanarwar rasuwa, ɗan littafin addu'a da ake rabawa ranar arba'in. Ba ka yarda da abin da aka gaya maka a hanya. Sai ka tako har gida ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Mbah, a gafarce ni, marigayin ɗan wane ne? Yana da wani sunan da aka raɗa masa bayan aure?" Da mijina ya rasu kai ka tono cikakken sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, abin da 'ya'yansa ba su sani ba, ka jera su a bangon littafin addu'a ba kuskure. Ba gidan da ba ka san sunayensa ba har na waɗanda ke kabari. Mu kuwa ga abin da muka yi da naka.

Ranar jana'iza, kafin a ɗauki makara, shugaban lungu na yanzu ya tsaya neman shaidar jama'a kamar yadda aka saba. Yaron kirki ne, an haife shi bayan duk wannan. Ya ce, "Jama'a, Pak Firus mutumin kirki ne ko kuwa?" Muka amsa da ƙarfi, "Na kirki ne." Ya maimaita, muka maimaita. Ratri tana gefena riƙe da kwandon furanni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mbah, wa suka yi wa shaida?"

Na ce, "Babanki mana, 'yar nan."

Ta ce, "Babana yana da suna. Yana nan a takardar makarantata. Duk shekara sai na gaya wa malamai ba kuskure ba ne."

Na bi makara da ido har ta sha kwana. Allah Ya san wanda muke nufi, ba Ya ɓata bawanSa don bakinmu ya karkace. Amma yarinyar nan ta tsaya a gaban lungu guda tana jiran a faɗi ubanta, aka yi wa zambo shaida aka tafi.

Ranar addu'ar bakwai, bayan magariba, gidanka ya cika har titi. Da aka shafa, aka fito da kwalayen shinkafa da kaza da kowa ke tafiya da su gida. Na roƙi Bu Ngatini ta bar mini rabon. Na sa aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa, na gicciya sandata, na ce, "Ba mai fita da kwali sai ya faɗi sunan mai gidan nan da na ubansa."

Aka ɗauka wasan Mbah Rubiyem ne, aka fara dariya. Shugaban lungu ya zo farko, ya ce, "Pak Mar... Marjono?"

Na ce, "Koma baya, Pak Shugaba, ka tambayi ladan. Shi ya sha wuyar karanta shi."

Mai gyaran babur ya ce, "Mbah, shinkafa tana hucewa."

Na ce, "Shekara talatin mai gidan yana jira, bai huce ba."

Daga nan dariya ta ragu. Na ji suna yana bin layi daga baki zuwa kunne, tsofaffi suna tambayar yara, yara suna tambayar ladan. Kowa ya zo ya sunkuya ya faɗa, wani a hankali, wani idonsa a ƙasa. Waɗanda suka karɓi kwali ba su tafi ba, suka tsaya a tsakar gida. Da layi ya ƙare liman ya miƙe, ba wanda ya sa shi, ya ce, "Jama'a, Margiyono ɗan Kasanrejo mutumin kirki ne ko kuwa?" Amsar ba ta kai ta ranar jana'iza ƙarfi ba, amma ta fi ta nauyi.

Kwali ɗaya ya rage. Ratri ta ɗauka ta tsaya a gabana, ba ta miƙo ba. Ta ce, "Ke fa, Mbah?"

Na faɗa. Muryata ta karye a tsakiya, na sake daga farko. Sannan ta ba ni.

Margiyono, lungun nan yana neman gafararka, manya da yara, da ni, da mijina da ke kwance a kabari ba ya iya faɗa. A wannan karon babu ƙofar baya da za ka bi ka riga mu durƙusawa.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Margiyono ɗan Kasanrejo. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa babba a gaban mutane. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ranar kira a kira shi da sunansa cikin mutanen kirki. Bu Ngatini, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya zama gatanki. Ratri, Allah Ya raya miki yaranki, Ya sa su tashi da sunan kakansu a baki. 'Yan uwansa na Wonosari, muna yi muku ta'aziyya, kuma ku yafe mana riƙon da muka yi wa ɗanku. Mu da muka saura, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.